Kujerar da Ke Ɗingishi

Shekara hamsin da biyu kafintan nan ya yi yana yi wa mutane kujeru, kuma ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba. Shagonsa ɗaki ne guda a jikin gidansa, bango ɗaya ya raba shi da barandar da matarsa ke zama. Yana ɗan shekara goma sha uku ya fara riƙe zarto. Bai yi nisa a makaranta ba, amma idan ya rufe ido ɗaya ya kalli katako, zai gaya maka inda zai lanƙwashe nan da shekara goma. Yana da wata ɗabi'a: ba ya ba da kujera sai ya zauna a kanta ya sha shayi kofi guda. Mai kujera na tsaye yana duba agogo, shi kuwa yana hura shayinsa.

"Bari ta san nauyin mutum tukuna," haka yake cewa.

Kujera ɗaya ce tak ta fito daga hannunsa da aibu, ita ce ta matarsa. Ana saura kwana uku aurensu ya yi ta, hankalinsa ba ya jikinsa, ya yanke ƙafar baya ta gaza sauran da faɗin yatsa. Da amarya ta zauna sai kujera ta ce ƙwas a kan siminti. Ya ce gobe zai gyara. Aka haifi 'ya'ya biyar, aka aurar da su, goben nan ba ta zo ba. Abokinsa tela, mai shago a tsallaken titi, shi ya laƙaba masa suna Sarkin Gobe, har jikoki suka ɗauka.

A bara ne numfashi ya fara yi masa wuya. Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinsa, sannan ya ce, "Baba, zuciyar nan ta gaji. A bi ta a hankali."

"Saura nawa?" in ji kafinta, kamar mai tambayar tsawon katako.

"Wannan sai Allah."

Bai ƙara tambaya ba. Mutumin da ya san katakon da gara ta ci daga ƙwanƙwasawa ɗaya ba ya bukatar dogon bayani. A hanyar gida ya yi ta laluben abin da ya rage masa a duniya. 'Ya'ya sun kama gabansu, rufin ɗaki ba ya yoyo, ba wanda yake gaba da shi. Yana sa ƙafa a ƙofar gida ya ji ƙwas, ƙwas, tsohuwa tana tsintar shinkafa a baranda. Kunya ta rufe shi. Gari duk na zaune daram a kan aikinsa, matarsa kuwa shekara arba'in tana tangaɗi. Ya ce a ransa ba zai tafi ya bar ta a haka ba.

Ranar da ta je duba autarsu, ya ja kujerar zuwa shago. Ya yanko ɗan katako, ya sa gam, ya kafa ƙusa siririya, ya goge har ba ka gane mahaɗin. Ya zauna a kai ya sha shayinsa. Daram.

Tela ya leƙo. "Kai! Yau gobe ta yi? Bari in je in yi wasiyya, duniya ta zo ƙarshe."

Tsohuwa ta dawo da la'asar, ta zauna, ta ɗan jingina baya yadda ta saba. Shiru. Ta sake jinginawa. Shiru. Ta dube shi yana tsaye yana murmushi, fensir a bayan kunne, yana jiran godiya.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce, ta tashi ta shige ɗaki.

Kwana uku gidan ba daɗi. Ita ba ta zama minti goma sai ta tashi ta leƙo shago, ta ce wuƙa take nema, ko ashana. Shi kuma gudumarsa ta riƙa kuskure kan ƙusa, har ya daki babban yatsa, abin da rabonsa da shi tun yana koyon aiki. A rana ta huɗu ta leƙo karo na shida, sai ya ajiye guduma.

"Wai ashana nawa kike ci a rana?"

"Ka ɓata min kujera, kuma kana tambayata?"

"Ɓatawa? Gyarawa dai!"

"Wa ya aike ka?" Ta shigo ta zauna a kan bencinsa. "A kan ɗingishin nan na yi renon 'ya'yanka biyar, ba wanda ya taɓa ƙin barci. Wannan ma bar shi. Kai ba ka san in kujerar ta ce ƙwas ƙwas, kana yin gyaran murya daga nan ba?"

"Ni?"

"Kai fa. Shekara arba'in. Tun da ka dawo daga asibiti kana min fuskar ba komai, da shi nake sanin kana nan. In buga, ka amsa, in ci gaba da tsintata. Yanzu ka toshe min baki, sai na taso da gwiwoyin nan na zo na gani da idona."

Kafinta ya kalli garin katakon da ke ƙasa. Ashe ta sani. Ashe kuma abin da ya ɗauka laifinsa ne, hira ce suke yi bai sani ba. Ya share ido da bayan hannu, ya ce ƙura ce. Ya ɗauko zarto.

Gyaran nan nasa ya yi kyau da yawa, ɗan katakon ya ƙi ɓamɓaruwa, sai yankawa. Ta tsaya a kansa tana ba da umarni.

"Ƙara kaɗan. A'a, Malam, ba ka kai ba. Da can ta fi haka faɗuwa."

Tela ya tsallako titi da almakashi a hannu. "Jama'a ku zo ku gani, Sarkin Gobe na gurgunta kujera da gangan!"

"Koma ka ɗinke bakinka," in ji kafinta. "Mai kaya ce ta ba da awo."

Sau uku ana gwadawa kafin ta gyaɗa kai. Ya miƙa hannu zai ja kujerar ya sha shayi a kai, ta buge hannun. Ta ce wannan ta riga ta san nauyin mutum.

Yanzu aikinsa ya ragu, kujera ɗaya a wata, wani lokaci ma babu. Da hantsi yakan ajiye guduma ya zauna da kofinsa kusa da bangon nan, ya kasa kunne. Jiya tela na wurin aka ji ƙwas, ƙwas. Kafinta ya yi shiru da gangan, yana ƙunshe dariya. Aka ƙara bugawa, da ƙarfi.

"Malam!" in ji murya daga bayan bango. "Kada ka sa in taso!"

Ya kurɓi shayi, ya yi gyaran murya har sau biyu.