Baba Kar-ka-motsa Zai Shiga Dawa

Tun kafin ya yi aure Baba yake ɗaukar hoton fasfo a ɗan shagonsa na bakin titi, mai kujera ɗaya da farin ƙyalle a bango. Duk wanda ya taɓa neman aiki ko makaranta a unguwar ya zauna a kujerar nan, an ɗaga masa haɓa, an kyasta masa yatsa, an ce, "Duba nan. Kar ka motsa." Har sunan ya bi shi. Abin da matarsa ce kaɗai ta sani, shi kansa bai iya zama wuri ɗaya ba, kuma bakinsa ba ya hutawa ko yana cin abinci.

Burinsa ɗaya, kafin idonsa ya gaji, ya rataya hoton giwa a shagon, na hannunsa. Sai ga mijin 'yarsu, direba a gandun namun daji, ya samo masa wurin zama a motar baƙi. Mijin 'yar ya faɗi sharaɗin, kansa a sunkuye: a cikin mota ba a magana. 'Yar ce ta ja uwar gefe ta fasa ƙwan.

"Mama, in Baba ya kori dabba a gaban baƙi, mijina za a kora. In bai iya shiru ba, don Allah ki hana shi zuwa."

Daga ranar gidan ya rikice. Ya aro dogon gilashin kyamara kamar taɓarya. Ya cire firij ya sa cajin batura. Ya juye mata wake a rigar matashi ya ɗinke, wai a kai zai ɗora kyamara a tagar mota kar ta yi rawa. Farar rigarsa kuwa a ruwan shayi ta tsince ta, wai dabbobi ba sa son fari.

"Na cire filasha, na kashe ƙarar kyamara," ya ce mata yana taƙama. "Ko sauro ba zai ji ni ba."

"Bakin fa, Malam? Ina maɓallinsa?"

Ya koma gwaji a kan kyanwar gidan. Sai ya daidaita komai tsaf, sannan ya kyasta yatsa: "Ke, duba nan!" Kyanwa ta haure katanga. Kaji ma haka. Da ya nuna mata hotunan, wutsiya ce da bango, sai tsintsiya da ta fito tas.

"Dabbobin gidan nan ba su da tarbiyya," in ji shi.

Matar ta gaji. Ana jibi tafiya ta je shagon ta ɗauko kujerar, ta dasa a tsakar gida, ta watsa tsaba can gindin katanga. Ta zaunar da shi, ta ɗora masa matashin waken a bakin turmi, ta ɗaga masa haɓa da yatsa biyu kamar yadda yake yi wa mutane.

"Ka ɗauko mini kurciya da idonta, ba ka ce uffan ba. In ka kasa, ni zan kira yaron nan in ce ba ka da lafiya."

"Yanzu ni za ki..."

"Kar ka motsa."

Ya yi gyaran murya, ta harare shi. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya daure, gumi na bin wuyansa. Can kurciya ta sauko, tana taku tana waiwaye. Matar ta ga yatsunsa na hagu sun haɗu za su kyasta, ta ga ya tura hannun ƙarƙashin cinyarsa ya danne. Kurciya ta ɗago kai. Ya latsa.

Sannan bakin ya ƙwace: "Madalla! Na gaba!"

Kurciya ta yi sama. Matar ta karɓi kyamarar ta duba. Ga idon nan, har da hasken rana a ciki. Ta miƙa masa.

"Za ka je. Amma goro zan cika maka baki da shi tun daga ƙofar gandun. Kuma in ka dawo, wakena nake so."