Tabarau Mai Wata Bakwai a Rana

Shekara goma sha ɗaya Labaran yana sayar da tabarau a bakin titi a Garki, ni kuma shekara tara ina yankan makulli a gefensa, don haka babu rantsuwarsa da ban haddace ba. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Gumel, siriri, bakinsa ba ya hutawa. Jarinsa duka katako ɗaya ne mai layukan ƙusa, sai wata jaka a ƙarƙashin benci inda sababbin kaya suke cikin ledarsu.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Rana ta motsa, ya motsa katakon. Da safe ya fuskantar da shi gabas, da la'asar yamma, wai don gilasan su yi ta ƙyalli su ja idon masu mota. Na sha ce masa ko riga aka shanya haka sai ta koɗe.

"Sale, kai makulli ka sani," in ji shi. "Wannan robar don rana aka yi ta."

Kuma ba yaudara yake yi ba, abin da ya sa ma abin ke ci mini rai ke nan. A ganinsa, tabaran da ya daɗe a katako bai tsage ba, bai lanƙwashe ba, shi ne gwarzo. Wanda yake ganin girmansa kawai yake ciro wa daga layin sama, inda yake jera irin waɗannan.

Magdalena, wadda muke kira Maman Prudence, tana saro lemo da abarba daga Zuba ta kasa a tsallaken titi. Zabiya ce, fatarta fara sol, idonta ba ya jure haske. In babu baƙin gilashi ba ta iya tsayuwa a kan kayanta, kuma da kayan nan take riƙe 'yarta a makaranta. Ranar da nata ya karye, Labaran ya miƙa hannu can sama.

"Wata bakwai yana shan rana, ko gezau. Wallahi in ya ba ki kunya, ki daina gaishe ni."

Bayan mako biyar ta tsallako, ta ja ɗankwali har gira, idanu jajur suna zubar ruwa.

"Malam Labaran, wannan gilas naka ba ya aiki fa. Ƙarfe goma ya yi, ba na ganin kwastoma, ba na ganin canji. Kwana uku ban fito ba."

Ya karɓa yana shirin musu, na ga bakinsa ya fara motsi. Yana gogewa da bakin riga sai farcensa ya ɗaga 'yar takardar kamfani da ke manne a gefen gilashin. Ƙarƙashinta wani ɗan da'ira ne baƙi wuluk. Sauran gilashin kuwa kamar shayin da aka cika wa ruwa. Launin da ke cikin robar, rana ta shanye shi kaɗan-kaɗan, shi kuma da yake kallonsa kullum bai taɓa lura ba.

Ya ciro wani daga katako ya ɓare takardar. Ya ciro wani. Duk haka suke. Shekara tara ina jiran ranar da zan ce masa ai na faɗa maka, ranar ta zo, tausayi ya hana ni buɗe baki.

Ya janyo jakar, ya ɓare sabo daga leda, ya ba ta, ya ƙi karɓar ko sisi. Ta saka, ta sauke ajiyar zuciya.

"To, wannan zai kai yaushe?"

Labaran ya dubi katakon. Ranar da ta cinye nasa ita ce dai za ta tarar a tsallaken titi, ba shi da wanda ya fi wannan, irin na asibiti kuwa daga shi har ita ba su isa ba.

"Ban sani ba, Maman Prudence."

Ta gyaɗa kai, ta ce ya gaida gida, ta tsallaka.

Washegari ya juya katakon ya ba rana baya. Har azahar babu motar da ta tsaya. Ina kallo ya tashi, bai dube ni ba, ya mayar da shi yadda yake. Tun daga ranar ban ƙara jin ya rantse ba.