Ranar da Inna Ta Bi Furen Ɗorawa

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da kakata ta ɓace a hannuna. Shekara uku ke nan, amma har yau in na ga ɗorawa ta yi fure, sai ranar ta dawo min sabuwa.

Inna muke ce mata. Tsufa ya tafi da tunaninta, ko sunana ba ta riƙewa, amma akwai waƙar da ba ta taɓa kuskurewa ba: jerin wuraren da suke bi da shanu tana yarinya. "Kabo, Tsamiyar Kura, Mashayar Fari, Gammo, Durun." Takan ja kowane suna kamar mai kiran ɗanta. Ni kuwa tsokanarta nake. "Inna, wannan waƙa ce ko lodi ake a tasha?"

"'Yar boko, me kika sani?" in ji ta.

Da bazara ne, kowa ya tafi suna Gwarzo, aka bar min ita. Na shiga wanka na fito, tabarma ba kowa, sandarta ma babu. Na ruga titi, na zaga kasuwa, ina kuka ina tambaya. Rana ta take, ga tsohuwar da ko ruwa sai an tuna mata.

Wani dattijo mai gyaran keke ya tsayar da ni. "'Yata, tsohuwar Bafulatana kike nema a kwalta? Ɗaga kanki." Na ɗaga, sai ga ɗorawa ta sako jajayen furanni suna reto kamar tuntaye. "A da, in ta yi haka, masu shanu sun san lokacin tashi neman ruwa ya yi. Ta ina suke bi?"

Ban san hanya ba, waƙar kawai na sani. Na hau acaɓa ina jero sunayen. Mai babur bai taɓa jin Tsamiyar Kura ba, wata mai tallar nono ce ta nuna mana. Mashayar Fari kuwa ta zama gonar albasa. Can muka sami Inna, zaune a bakin tsohuwar rijiya marar murfi, leɓenta ya bushe, fure ɗaya a hannunta.

"Kin makara," ta ce. "Shanu sun wuce."

Na rungume ta, na janye ta daga bakin rijiyar.

Inna ta rasu da daminar nan. Abin da na koya shi ne, in tsoho ya nace da maimaita abu ɗaya, a saurara a riƙe. Da waƙar nan da nake wa dariya ba ta zauna min a kai ba, da wataƙila a cikin rijiyar za a same ta.