Sunan da Balki ta yi wa rajista

Shekara ashirin Balki tana sarin aya a bakin iyakar Jibiya, kuma shekara ashirin ana ce mata Balki Masifa. Direbobin Maraɗi ne suka laƙaba mata, domin in ta zura hannu a buhu ta ji yashi, sai duk tasha ta ji muryarta. Ba ta ƙaunar sunan nan, ta sha jifan mutane da mudu a kansa.

Duk ranar da kaya suka iso, takan tura wa masu kunun aya na Katsina saƙon waya. Da doka ta zo cewa sai ɗan kasuwa ya yi rajistar sunan da zai riƙa fitowa a kan saƙonsa, ta je wurin Ezra mai shagon kwamfuta, ta zaɓi Hajiya Bilkisu, ta dawo tana taku ɗai-ɗai.

Aka sauke mata mota guda, ta tura saƙo, ba wanda ya leƙo. Ta kira wata da ta daɗe tana saye a hannunta, ta fara faɗa. Matar ta ce, "Au, ke ce? Gogewa na yi, na ɗauka 'yan damfara ne. Mu ayar Masifa muka sani, ita ce ba yashi."

Washegari ta koma wurin Ezra, ta ce a canza sunan zuwa Balki Masifa. Ya ce, "Hajiya, da gaske in rubuta?"

"Rubuta, Malam Ezra. Hajiyoyi sun yi yawa. Wannan kuwa da gumina na same shi."

Yanzu ayarta ba ta kwana biyu a shago. Amma wanda ya kira ta da sunan a gabanta, mudun yana nan.