Jikar Shatu ta Romaniya

A unguwar Hindawiyya ta Makka idan aka ce Shatu mai tuwo ba a buƙatar ƙarin kwatance. Tana yarinya iyayenta suka taho da ita Makka ta hanyar Chadi, a nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta. Sana'arta tuwo da miyar kuka, tana tuƙa wa direbobin tasi, lokacin aikin hajji kuma alhazan da shinkafar otal ta gundura sukan biyo lungu suna tambayar ƙofarta. 'Ya'yanta biyu suka rayu, Hudaifa da ƙanwarsa Manal.

Hudaifa ya samu gurbin karatu a Romaniya, a garin Konstansa da ke bakin teku, ya karanta aikin injin jirgin ruwa. Shatu ta ɗauka zai gama ya dawo. Sai iƙamarsa, wato takardar zamansa a Saudiyya, ta mutu yana can, ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, ya auri wata Musulma 'yar ƙabilar Tatar mai suna Sebil. Suka haifi 'ya mace, suka sa mata Kausar. Kullum maganarsa a waya ita ce baɗi za su zo umara su uku.

Bai zo ba. Wata safiya babbar mota ta buge shi a hanyar wurin aiki, aka binne shi a maƙabartar Musulmin garin. Shatu ba ta ga gawarsa ba, hoton kabarin kawai aka turo wa Manal.

Bayan shekara guda Sebil ta zo umara da yarinyar. Shatu ta shirya tarbar Baturiya mai ji da kai, sai ga wata 'yar siririya cikin abaya da ta yi mata yawa, ta durƙusa ta sumbaci hannunta ta ɗora a goshi. Larabcin Sebil guntu-guntu ne, abin da ta tsinta a bakin mijinta, don haka Manal ce ke fassara musu da Turanci.

Kausar kuwa ba ta nemi tafinta ba. Ta ɓuya a bayan uwarta na ɗan lokaci, daga nan ta leƙa tukunya, ta miƙa hannu. Da ta yi dariya Shatu ta ga wushiryar ɗanta, dole ta koma madafa ta tsaya tana kallon bango har numfashinta ya daidaita. Kafin kwana biyu yarinyar ta koyi cewa "Kaka", tana bin ta duk inda ta sa ƙafa.

Wata rana bayan la'asar suna shan shayi, Shatu ta tambayi yadda rayuwa take a can. Sebil ta ce tana aiki a kantin magani, albashin ba ya kai su ƙarshen wata tun da Hudaifa ya rasu. Ta ce cikin waɗanda suka gama makaranta tare, yawanci sun tafi Jamus, Italiya ko Ingila, ƙauyensu tsofaffi ne kawai a ciki. Ita ma an yi mata tayin aikin kula da tsofaffi a Jamus.

Shatu ta ajiye kofinta.

"Manal, faɗa mata ta bar mini yarinyar. Ta je ta yi aikinta hankali kwance. Ni zan riƙe ta, ga Harami nan kusa, ta tashi da Alƙur'ani, ta san dangin ubanta."

"Ummi, ba a faɗa wa mutanen can irin wannan."

"Ke dai faɗa mata."

Manal ta faɗa. Sebil ta juyo ta fuskanci Shatu. Da ta fara magana sai ta bar Turancin ta koma Larabcinta, don Shatu ta ji da kunnenta.

"Ummi, ina da shekara shida mamata ta tafi Italiya. Ta ce sai bazara. Kakata ta riƙe ni, mace ce ta kirki, kamar ke. Mama tana turo takalma, tana turo alewa. Da ta dawo na riga na girma, muka zauna ɗaki ɗaya ba mu san me za mu ce wa juna ba. A ajinmu mu da yawa ne haka." Ta share hanci da gefen mayafi. "Ni da Hudaifa mun yi alkawari. Ko mu tafi da ita, ko mu zauna da ita. Ban karɓi aikin ba, saboda sun ce ba wurin yaro."

Shatu ta tashi ta kwashe kofuna, ranar ba ta sake fitowa daga ɗaki ba. Manal ta same ta zaune a bakin gado.

"Sun ɗauke mini ɗa, sun rufe shi a ƙasar da ba zan taɓa takawa ba. Yanzu 'yar tasa ma?"

"Ba wanda ya ɗauke shi, Ummi. Takarda ce ta hana shi dawowa. Kuma yarinyar bizar umara gare ta, ko an bar miki ita, da wace iƙama za ta zauna?"

Shatu ta san haka tun kafin ta roƙa. Washegari ta tashi da wuri ta tsefe wa Kausar kai, ta yi mata kitso ƙanana, ta kira Sebil ta zauna kusa ta ga yadda ake raba gashin, don ta lura uwar ba ta iya da irin wannan suma ba. Sebil ta gwada, ya warware, ta sake gwadawa, su biyun suna hawaye yarinyar tana ta wasa da wayar Manal.

Ranar tafiya Shatu ta raka su bakin titi inda tasin da zai kai su filin jirgin Jidda ke jira. Ta riƙe hannun Sebil ta ce da Hausa, "Kin yi daidai, 'yata. Kada ki bar wa kowa ita, ko ni." Manal ta kau da kai tana share ido, ba ta fassara ba. Kausar ta yi ta miƙo hannu ta taga, a zatonta Kaka ma za ta shigo.

Suna waya duk Juma'a. Sebil tana nan a kantin maganin. Kalmomin Hausa da yarinyar ta tsinta sun fara zubewa, wani lokaci sai uwarta ta tuna mata kafin ta gaishe da kakarta. Shatu ta rage tuwon saboda gwiwa, direbobi kaɗan take dafa wa yanzu.