Shekarar da Na Sa wa Lemu Manto

Bari in faɗa da bakina tun maƙwabta ba su riga ni ba: ni ne tsohon da ya sa wa bishiya riga a Akokan. Ba ƙage aka yi mini ba. Na sa mata, har maɓallai na ɓalla. Sai dai masu dariya ba su san cewa babbar wautar ta riga wannan da sati uku ba.

Kusan shekara talatin na yi ina shiga ramin ma'adini. Can ƙasa babu damina babu ɗari, iska ɗaya ce kullum, mai ɗumi. Tsakar gidana kuwa hanya ce kawai daga ƙofa zuwa tabarma. Na san akwai lemun tsami a kusurwar arewa, tunda ina matsa shi a kunu, amma yadda aka yi bishiya ta tsaya da ƙafarta a garin da dutse kaɗai ke tsirowa, ban taɓa tambaya ba. Uwargida ce ta shuka shi, ita ke kula da abinta.

Da aka rufe ramin, sai na zama mutumin gida. A kakar wannan shekara ƴarmu ta haihu a Damagaram, uwargida ta shirya tafiya wankan jego. Tana ɗaure kaya ta ce in gyara tsakar gida kafin sanyi ya sauka, in kuma sa ido a kan lemu. Ta maimaita maganar lemun har sau uku. Na ce mata mutumin da ya fasa dutse da hannunsa ba shara za ta gagare shi ba. Ta dube ni, ta ɗauki jakarta.

Washegari na ari rato, wato manjagara, na shiga aiki. A gindin lemun na tarar da abin da na ɗauka ƙazanta ce ta shekaru: busasshen ganye, kashin awaki, tokar murhu, ganyen shayin da aka sha aka zubar, guntayen tsohuwar tabarma. Bayan bishiyar, a jikin wayar da aka ja ta arewa da gabas, busasshen yaɗon soso ya yi kauri kamar zana. Na ce a raina, lallai mata ba su iya shara ba. A ƙauyenmu na wajen Tasawa, in an gama girbi ana tara karmami a cinna wuta, gona ta fito fes. Ilmin noman da nake da shi ke nan, da shi kuma na yi aiki.

Ina cikin kwashewa wani abu ya tsayar da ni. Da na tura hannu ƙarƙashin tarin, sai na ji ɗumi kamar cikin hammata. Ƙasar wurin baƙa ce, mai laushi, har da tana tana motsi. Na tsuguna ina kallonta. Rabona da ganin tana tun ina yaro. Ta ina ta biyo ta zo wannan hamada? A motar Agadas ta hau? Na daɗe ina wannan tunani, har shayina ya huce. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa na gama mamakina, na ci gaba da shara.

Yaɗon soson na finciko na ƙona. Baƙar ƙasar na kwashe na zubar a bayan gida. Tsakar gida ta yi tas kamar harabar masallaci, har na ɗauko kujera na zauna ina yaba kaina.

Maƙwabcina wani dattijon Buzu ne, mutumin Timiya, can cikin duwatsu inda ake noman lemu tun kakanni. Yana da garka, wato lambu, a bakin gari. Da la'asar na ji motsi, na leƙa, sai ga shi yana loda ƙasar da na zubar a kan jakinsa. Ya tambaye ni ko da gaske na yafe ta. Na ce ya kwashe duka, har da godiya. Ya leƙo ta kan katanga, ya ga lemun tsaye tsirara, ya gyara rawaninsa.

"Bahaushe, matarka ya san ka yi wannan?"

Na ce ai mamaki zan ba ta. Ya ce lallai za ta sha mamaki, ya kora jakinsa.

Sanyi ya sauka kamar yadda ya saba a nan, ba sallama. Cikin kwana goma ganyen lemu ya fara naɗewa, na sama ya yi launin ƙasa, ƴan ƙananan ƴaƴan suka riƙa faɗuwa. Duk sanda uwargida ta kira waya, kafin ta ba ni labarin jariri sai ta tambayi lemu. Ni kuma in ce yana gaishe ta.

Abin ya dame ni, amma gaskiya son sani ya fi damuwar yawa. Ashe itace yana jin sanyi? Ta ina yake ji, ta ganye ko ta saiwa? Lakwal, wato makarantar boko, aji biyu na yi aka kore ni, don haka na yi bincike irin nawa. Da magariba na ajiye tasa huɗu da ruwa a kusurwa huɗu na gida. Bayan sallar asuba na bi su ina tsoma yatsa. Uku sanyi ne na kullum. Ta gindin lemu kuwa sai da na yarfe hannu. Kwana uku ina wannan aiki kamar boka, kullum amsa ɗaya. Na tsaya a wurin da kaina, na ji iska na zubowa ta kan katangar arewa, daidai inda yaɗon soso yake a da, tana sauka kan bishiyar tana ratsa ƙashina.

A nan ne na tuna da manto. Wata ƙatuwar rigar sanyi ce mai auduga a ciki, kamfani ya ba mu don jiran motar aiki da asuba. Shekara da shekaru uwargida na roƙon in ara mata in za ta fita hura wuta, ni kuma ina cewa kayan aiki ne, ba a wasa da su. Tun da aka rufe rami tana cikin akwati. Na ciro ta, na rufa wa lemun, na zura rassa biyu cikin hannuwan, na ɓalla maɓallai. Daga nesa sai ka ce wani ma'aikaci ne ya tsaya yana jiran mota. Matan unguwa suka riƙa shigowa aron abin da ba sa bukata.

Buzun ya zo, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya huce, ya ce rigar ba laifi, amma ta sama kawai na rufe, bishiya kuwa ta ƙafa sanyi ke kama ta. Ya ce tarin da na kwashe shi ne bargonta, shi ne kuma abincinta. Baƙar ƙasar ma ba ta nan ba ce: duk tafiyar da uwargida ta yi gida, sai ta dawo da rabin buhu a ƙarƙashin kayanta. Ni ina ganin buhun, na ɗauka gero ne. Tanar da na yi ta mamaki, ashe da gaske motar Agadas ta hau.

Ya dawo mini da ƙasar, ban da wadda ya riga ya zuba wa albasarsa. Muka mayar da ita gindi, muka rufe da kashin awaki da ganye, muka kafa tabarmar kaba ta arewa. Ya ce in riƙa ban ruwa da rana tsaka, ba da yamma ba. Manto kuwa ya ce in bar ta, ko ba komai tana sa mutane nishaɗi.

Rabin bishiyar ya bushe. Ɗaya rabin ya yi ta shawara har ƙarshen sanyi, sannan wata safiya na ga ƴan tofo uku, kore shar, a reshen da ke cikin hannun riga na dama.

Kwana biyu bayan haka uwargida ta sauka. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce kusurwar arewa, ina biye da ita da jawabin da na yi sati ina shiryawa. Ta dubi wayar da babu soso. Ta tsuguna ta tura hannu cikin ƙasar, ta murza, ta shinshina. Ta ƙirga busassun rassa da ido, ta ga tofon. Sannan ta kama hannun manto, ta shafa audugar a hankali, ta juya maɓalli ɗaya tsakanin yatsunta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube ni ba.

"Malam, ashe ka san ana jin sanyi a gidan nan."