Gwaggo, Mai Firjin da Babu Nata a Ciki

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan da muke ciki, Allah Ya karɓi ran Gwaggo, mai gidan da muke haya, bayan gajeriyar jinya. Ba mu haɗa jini da ita ba, amma duk layinmu Gwaggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni kafinta ne, karatuna bai yi nisa ba, na fi sabawa da fensir a bayan kunne fiye da biro a hannu. Sai dai akwai abin da na gani da idona, ba na so ya tafi tare da ita ba a sani ba.

Gwaggo, lokacin da muka tare a ɗakin bakin ƙofa, ni da Inna mahaifiyata, ke kaɗai ke da firji a gidan. Yana tsaye a barandarki, ƙafarsa ɗaya kan guntun katakon da na yanka miki. Inna na da ciwon suga, allurarta kuma ba ta zama sai a sanyi. Ina ta juya yadda zan roƙe ki, kika riga ni. Kika ce, "Kafinta, kawo maganin tsohuwarka. Firjina ba ya cin abin da aka ba shi ajiya."

Ba mu kaɗai ba ne. Matar direba na kawo tukunyar miya, mai shayin bakin titi na kawo madara, amaryar ɗakin baya na kawo ƙwai da tumatir. Ba ki taɓa cewa ya cika ba. In ƙofar ta ƙi rufuwa, ki sa gwiwa ki danna, ki ce, "Ai ga shi ya shiga."

Sai firjin ya fara wani hali: sama ƙanƙara, ƙasa ɗumi. Ƙwan da ke can ciki ya daskare har ya tsage, tumatirin ƙasa kuwa ya yi laushi yana ruwa. Kowa ya zo sai ya murɗa lambar sanyi yadda ransa ya so. Wadda miyarta ta yi tsami ta ƙara, wadda ƙwanta ya fashe ta rage. Wata safiya na ɗauko kwalbar Inna na tarar ta daskare. Mai kemis ya ce wadda ta yi ƙanƙara ta lalace, ko ta narke kada a taɓa ta. Kafin mu samo wata, Inna ta yini a kwance, ƙishirwa na damunta, tana gani dishi-dishi. Ranar ko abinci ba ki ci ba. Kina zaune kusa da ita kina yi mata fifita, kamar ke kika yi laifin.

Kika aika aka kira mai gyara, wanda ake ce wa Dogo ko da yake kansa bai kai saman firjin ba. Kowa na cewa gas ne ya ƙare. Dogo ya janyo firjin daga jikin bango, ya share ƙurar da ta yi kauri a ƙarafan baya. Ya sa takarda a bakin ƙofa ya rufe, ya ja, ta zare ba wuya. Ya ce robar ƙofar ta saki, kuma ya san gwiwar da ta jawo haka. Sannan ya shiga fito da kwanuka yana jerawa a ƙasa, har baranda ta cika. Sai ga wasu 'yan ramuka a bangon ciki, tukunyar matar direba ta rufe su ruf.

"Gwaggo, gas ɗinki lafiya lau," in ji shi. "Ta nan sanyi ke fitowa ya zaga har ƙasa, kun toshe masa hanci. Na kusa ya daskare, na nesa bai samu ba. Wai wannan firji ne ko motar haya?"

"To yaya za a yi, ɗan nan?"

"A rage kaya. A bar tazara tsakanin kwano da kwano, kada komai ya jingina da bangon baya. Maganin tsohuwa a sa shi a tsakiya, ba a jikin ƙofa ba, ba can ciki ba."

Ya canja robar, ya tsayar da lambar a tsakiya, ya manna mata salatif don kada wani ya sake murɗawa.

Mata suka yi cirko-cirko, kowace na kallon kwanonta, ana jiran a ji wa za a kora. Kika ce kowa ya tafi, ya dawo da yamma. Da yamma kowa ya tarar da kayansa a jere, ga tazara, ga kwalbar Inna a tsakiya cikin gwangwani mai murfi. Aka yi ta cewa Gwaggo ta iya jeri. Ba wanda ya tambayi inda wurin ya fito.

Ni na lura, don aikina awo ne, na san wuri ba ya ƙaruwa da kansa. Gorunan ruwanki da ke cika ƙasa babu su. Babu kwanon miyarki, babu 'ya'yan itacen da ɗanki ke aiko miki. Ke da ba ki shan ruwa sai ya yi raɓa a jikin kofi, na gan ki kina shan na famfo da ɗuminsa. Na yi miki magana, kika ce, "Haƙorana ne ba sa son sanyi yanzu." Na ce, "Gwaggo, waɗanne haƙoran?" Kika ɗaga mafici za ki maka mini, kika ce in na kuskura na faɗa wa Inna, sai kin aske mini ɗan gemun nan da bai gama fitowa ba.

Kika koma dafa abin da za ki cinye a yini, in ya ragu ki ba yara. In aka ɗauke wuta, ki ja kujera ki tare gaban firjin, ba mai buɗe shi sai ta dawo. Tun daga lokacin allurar Inna ba ta sake daskarewa ba, ba ta kuma yi ɗumi ba.

Bayan rasuwarki 'ya'yanki suka zo tattara kaya. Ban san inda zan kai maganin Inna ba. Babban ɗanki ya ce kowa ya kwashe nasa, a ga abin da ke naki. Matar direba ta ɗauki tukunyarta, mai shayi madararsa, amarya ƙwanta. Na ɗauki gwangwanin Inna. Firjin ya zama wayam, sai fitila. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "To ina na Mama?" Sai na faɗa masa. Ya daɗe tsaye riƙe da ƙofar, har ƙanwarsa ta ce, "Yaya, rufe, sanyin na fita." Muryarki sak. Ya karɓi gwangwanin daga hannuna, ya mayar da shi tsakiya da kansa, ya ce firji na nan inda yake, ni zan riƙa kula da shi.

Yana nan, Gwaggo. Salatif ɗin Dogo na nan, tazarar na nan, Inna kuma lafiyarta ƙalau. Na sa gorar ruwa ɗaya a ƙasa, duk wanda ya shigo da ƙishi ya sha, Allah Ya kai miki ladan.

Allah Ya jiƙanki da rahama, Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata makwancinki. Ruwan sanyin da kika haƙura da shi saboda mu, Allah Ya shayar da ke wanda ya fi shi a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Inna, ga 'ya'yanki da jikokinki da duk mutanen gidanmu. Allah Ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.